Baba Yari da Gwajin Taɓa Kunne

Ranar Litinin, 18 ga Satumba, 2017, wajen ƙarfe bakwai da rabi na safe, Filibus Kazah ya fara ganin Baba Yari. An yi wa Filibus canjin wurin aiki ne daga ofishin ilimi zuwa wata makarantar firamare da ke kan hanyar Kalambaina, a matsayin akawu, ya zo da takardarsa a aljihu. Bai samu shiga nan take ba, don makon ɗaukar 'yan aji ɗaya ne, ƙofar a cike take da mata da yara. A bakin ƙofar wani dattijo dogo, siriri, mai farin gemu, yana zaune bisa benci. Duk yaron da aka miƙo masa sai ya tsayar da shi, ya daidaita masa kai, ya kama hannunsa na dama ya ɗora ta tsakiyar ka, ya ce ya taɓo kunnen hagu. Wanda yatsunsa suka kai kunne, a wuce da shi ciki a rubuta sunansa. Wanda bai kai ba, sai baɗi.

Filibus ya san wannan gwaji, don shi ma an yi masa a Zonkwa yana yaro. Ya dai ɗauka an daina tuntuni.

Dattijon ya ɗago kai ya dube shi, ya dubi takalmansa masu ƙyalli.

"Kai na sabon akawu?"

"Ni ne, Baba."

"To matso in gwada ka, mu gani in ka isa shiga."

Matan suka yi dariya. Filibus ya ɗora hannu a ka ya kama kunnensa, Baba Yari ya ce ya ci, amma da ƙyar.

Yana nan tsaye bai wuce ba aka zo kan wata yarinya ƙarama, siririya, sanye da hijabi da ya fi ƙarfinta. Baba Yari ya ɗora mata hannu. Yarinyar ta miƙe yatsu iya ƙarfinta, har tana karkata wuya, ya mayar mata da kan daidai. Sauran faɗin yatsa biyu tsakaninta da kunne.

"Ba ta isa ba, ɗiyata. Ki maido ta baɗi."

Uwar, wata mace mai suna Wasila, ba ta motsa ba. "Hakanan kac ce min bara, Baba."

"Hannu na bai kai ba, ba ni na ba."

"Baba, ba ka gane ni ba? Ga ajin can na ukku, mai ɓallallar taga. Nan na haihe ta, shekarar ambaliya. Kai kat tai ka kira ungozoma. Ranar suna ka ci goro. Na'ima ta, wadda kaka ce ma 'Yar Aji."

Filibus ya ga dattijon ya saki hannun yarinyar a hankali. Ya dubi ajin, ya dubi uwar, ya sake duban yarinyar, leɓensa na motsi, yana ƙirga shekaru da yatsu a kan gwiwa. Ya ƙirga sau biyu. Bakwai ya samu duk biyun.

Wasila ta ce uban yarinyar, Ibrahim, ya riga ya yanke magana: korar farko ya haƙura, in aka sake ta biyu, shi ke nan, Na'ima ta bi uwarta sayar da abinci a wurin fasa dutse, kada a sake yi masa zancen boko. Ana rufe ɗaukar yara ranar Juma'a, 29 ga wata. Baba Yari ya ce ta ba shi kwanakin nan, kada ta faɗa wa maigidanta komai tukuna. Sannan ya ci gaba da gwada sauran yaran.

A cikin makon nan Filibus ya san ko wane ne mutumin. An haife shi a Ƙofar Kware wajen 1960, ɗan baduku ne, ya tashi yana yanka fata yana ɗinka jaka da kube a rumfar mahaifinsa. Bai taɓa zama a ajin boko ba, karatun allo ya yi, rubutunsa kuma ajami ne. Da idonsa ya fara gajiya da ramin allura, sai ya karɓi aikin gadi a wannan makaranta a 1991. Shi ke buɗe ƙofa, shi ke buga ƙarfen taya da ke rataye a dogonyaro in lokacin shiga ko tashi ya yi, kuma tun wani tsohon hedimasta aka bar masa gwajin kunne, don an ce hannunsa ba ya son kai. Ko ɗan wa aka kawo, kai a miƙe, hannu ta tsakiya. A safiyar Litinin ɗin nan ma jikansa Gazali ya fara gwadawa, a gaban kowa, yaron ya kama kunne har da saura.

Abin da ya fi ba Filibus mamaki shi ne bangon ɗakin gadi. Daga sama har ƙasa rubutun gawayi ne, layi bisa layi. Baba Yari ya karanta masa: ranar da ruwan farko ya sauka a kowace shekara tun 1991, ranar da shamuwa ta fara bayyana, ranar da rijiyar makaranta ta ƙafe, ranar haihuwar jikokinsa. Ba wanda ya sa shi. Ya ce shi dai in abu ya faru sau biyu, yana son ya san ko zai faru na uku.

Ranar Talata da rana Baba Yari ya leƙo ofishin akawu, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa.

"Malam Filibus, wata tambaya ta hana min sukuni. Shekara ashirin da shidda ina kama hannun ɗiyan mutane. Ni ɗauka nai hannu shina bin shekara. To wagga yarinya ta yi bakkwai, ni shaida na. Ita ɗai ta haka, ko akwai wasu?"

"Ta yaya za mu sani, Baba? Yawancinsu ba su da takardar haihuwa. In ka tambayi uwa, ta ce maka shekara shida, don ta san abin da ake so ke nan."

"Awo. Amma akwai abin da mace ba ta mantawa. Ka tambaye ta, da ruwa yac ci gari, ciki gare ki ko goyo?"

Filibus ya ajiye biro. Ambaliyar 2010 ta zo a ƙarshen azumi, daf da ƙaramar Sallah, ba kuwa gidan da bai san inda yake a wannan mako ba. Duk yaron da aka haifa daga ranar ruwan zuwa babbar Sallah, shekararsa bakwai ke nan ko saura kaɗan, ba sai da takarda ba. A tara irin waɗannan yara, a gwada su, a ga abin da hannu zai ce. Filibus ya yi shekara goma sha ɗaya a ofishin ilimi yana jera fayil ɗin masu bincike da suka zo da mota da kwamfuta, bai taɓa jin dabara mai sauƙi irin wannan ba.

Sai kuma ya tuna da nasa gidan. 'Yarsa Gloria an haife ta kwana biyar bayan ruwan, yana tuna yadda ya sha wuya kafin ya kai matarsa asibiti. Gloria tana aji biyu yanzu.

Suka raba aiki. Baba Yari ke tambaya da gwaji, Filibus ke tuƙa babur da rubutu. Kullum bayan la'asar su fita, kafin magariba sun dawo. Kwana uku suka yi a Gidan Dare, inda Filibus ke haya, unguwar 'yan tireda da ƙananan ma'aikata. Kwana huɗu kuma a rukunin gidajen da ke bayan wurin fasa dutse, inda iyalan da ruwa ya raba da gonakinsu na fadama suka zauna, mazan suna lodin farar ƙasa. Baba Yari ba ya shiga gida. Yakan yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma a ƙofa, tsofaffin mata su fito, a fara da gaisuwa da jajen abin da ya wuce shekara bakwai, sannan a zo kan yara. In uwa ta ce da ruwa ya zo tana da tsohon ciki, sai ya tambayi wa ya yanka ragon suna, an yi kafin layya ko bayanta. In magana ta yi karo da juna, ya ce wa Filibus kada ya rubuta.

Awonsa na dukawa ne. Ba ya amfani da tef. Tazarar da ta rage tsakanin yatsun yaro da kunne yake aunawa da faɗin yatsunsa: ɗaya, biyu, uku. Filibus ya ce masa masu ilimi ba za su karɓi wannan ba, ai yatsa ya fi yatsa.

"Da yatsanka niy yi wani, da nawa niy yi wani? Dut da hannu guda na. Rubuta, Akawu, kai dai ka cika son gardama kamar Bakano."

"Ni ɗan Zonkwa ne, Baba."

"Dut wanda ba Basakkwace ba Bakano na."

A rana ta biyar wani abu ya ƙara jan hankalinsa. Wani yaro da hannunsa bai kai kunne ba ya yi masa dariya, sai ga giɓi a baki, haƙoran gaba biyu sun zube, sababbi sun fara leƙowa. Baba Yari ya riƙe haɓar yaron ya daɗe yana dubawa. Daga nan duk wanda ya gwada sai ya ce ya buɗe baki. Ya sa Filibus ya ƙara layi a takardar, na famfara. Suka ma koma Gidan Dare suka sake bi gida gida saboda haƙora kawai, matar wani mai shago tana tambaya ko gwamnati ce za ta raba buroshi.

Ranar Laraba, 27 ga wata, Filibus ya haɗa jimla. Yara arba'in da ɗaya suka samu waɗanda ba shakka a lokacin haihuwarsu. A Gidan Dare goma sha tara, goma sha takwas sun taɓa kunne, dukkansu suna makaranta. A bayan wurin fasa dutse ashirin da biyu, tara kaɗai suka taɓa. Sauran goma sha ukun duk an taɓa mayar da su daga wata ƙofar makaranta, takwas daga cikinsu da hannun Baba Yari. Famfara kuwa ba ta bambanta unguwa ba, kusan duk yaran sun yi ta, masu ƙiba da ramammu.

Da ya karanta masa, Baba Yari ya dubi tafin hannunsa.

"Ashe ba shekara nika aunawa ba," in ji shi. "Tukunyar gidansu nika aunawa. Wanda yac ci ya ƙoshi ya shiga, wanda bai ci ba in ce mai sai baɗi. Baɗi ta zo ya yi girman ɗaukar kwano, ba a sake kawo shi."

Filibus ya tashi. Ya buɗe kabad ɗin ƙarfe, ya ciro tsohon littafin da kowane hedimasta ke rubuta abin da ya faru a makaranta, wanda ya gano tun ranar Asabar. A shafin Satumba 2010 an rubuta cewa an sauke iyalai sittin da huɗu a azuzuwa, kuma ranar Litinin 13 ga wata wata mata ta haifi 'ya mace a aji uku. Gloria an haife ta ranar 14.

Washegari Alhamis suka shiga wurin hedimasta, Malam Ja'afar, shugaban kwamitin iyaye yana zaune. Filibus ya zo da Gloria daga makarantarsu, Wasila ta zo da Na'ima. Baba Yari ya tsayar da yaran biyu kafaɗa da kafaɗa. Gloria ta ɗara Na'ima da kusan taƙi guda. Ya ɗora wa Gloria hannu, ta kama kunne tana dariya. Ya ɗora wa Na'ima, saura yatsa biyu.

"Ranka ya daɗe, wace ta babba?"

Malam Ja'afar ya nuna Gloria. Filibus ya buɗe masa littafin, ya ajiye takardar haihuwar Gloria a gefe. Na'ima ce babba da kwana ɗaya.

Malam Ja'afar ba mugun mutum ba ne, kuma ba ya gudun gaskiya. Ya karanta takardar jimlar har ƙarshe, ya tambayi yadda aka tabbatar da kowace haihuwa, ya gyaɗa kai. Sannan ya cire tabarau.

"Baba Yari, ban musa ko ɗaya ba. Doka shekara shida ta ce, ba kunne ba, na sani. Amma aji ɗaya ɗaki guda gare ni, malama guda, na riga na rubuta yara tasa'in, tun ranar Litinin aji ya cika. Kunnen nan shi ne abin da ba a yi mini gardama a kansa. In na ɗauki wannan, wa zan cire? Kawo mini sunan uban da zai yarda a mayar masa da ɗa gida bayan an ɗinka masa yunifom."

Shugaban kwamiti ya ce gaskiya ne, a bari sai baɗi a gyara tsari. Wasila ta sunkuyar da kai, ta fara gyara wa Na'ima hijabi kamar mai shirin tafiya.

"Cire Gazali," in ji Baba Yari.

"Wane Gazali?"

"Jikana, lamba ta ɗaya ga littahinka. Shekara tai biyar da wata huɗu, shina rubuce ga bangon ɗakina, ku tai ku duba. Dogon hannu gare shi irin na gidanmu, shi ɗai na. Shi in ya jira baɗi, akwai mai maido shi. Wagga in ta hita ƙohwar ga yau, ta hita ke nan."

"Ka yi shawara da uwarsa?"

"Ban yi ba. In na yi ba ta yarda."

Malam Ja'afar ya ɗauki biro. Ya jawo rajista, ya ja layi a kan suna na farko, ya rubuta Na'ima Ibrahim a lamba ta tasa'in da ɗaya, ya sa Filibus ya rubuta ranar haihuwarta daga tsohon littafin. Baba Yari ya ce akwai saura magana guda: daga yau shi ba zai ƙara ɗora hannun ɗan kowa a ka ba, in ana son a ci gaba a nemi wani. Malam Ja'afar ya ce a bar wannan tukuna, ɗaya bayan ɗaya.

Maganar ba ta tafi sumul ba. Uwar Gazali, 'yar Baba Yari ta biyu, ta zo har ƙofar makaranta da yunifom ɗin a leda ta ajiye masa a kan benci, ta kuma yi wata guda ba ta aika masa da tuwo ba. Ya ba Wasila wandon da rigar, ta rage wandon ta haɗa da hijabi. A cikin 'yan aji ɗaya Filibus ya gano wasu goma sha ɗaya da ba su cika shida ba, amma iyayen biyu kawai suka yarda su janye. Malam Ja'afar ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin dogonyaro, wata malamar aji huɗu ta karɓi ƙarin aiki, da haka aka samu wuri. Daga cikin yara goma sha ukun, takwas suka shiga a wannan shekara. Biyar ba su zo ba, ko da Baba Yari ya koma gidajensu sau biyu.

Kafin ɗaukar yara na 2018 su biyun suka zauna suka tsara abin da malamai suka riƙa kira jadawalin Baba Yari. Daga bangon ɗakin gadi aka kwafo yawancinsa: shekarar da ruwan farko ya makara, shekarar da rijiya ta ƙafe, shekarar da aka yi gobara a layin masu katako, da watan da azumi da layya suka faɗo a kowace shekara. Mai takardar haihuwa ko katin rigakafi ya kawo. Marar shi a zauna da uwa a bi jadawali, a duba baki, a fara ɗaukar manya kafin ƙanana. Aikin ya fi gwajin kunne cin lokaci nesa ba kusa ba, layin da ake gamawa kafin ƙarfe goma ya koma kwana uku, malamai suna ƙorafi. Makarantu biyu na kusa sun aiko an kwafa musu. Filibus ya buga rahoto mai shafi huɗu ya kai ofishin ilimi da sunan Yari Maigadi a sama, aka buga masa hatimin karɓa, bai sake jin labarinsa ba.

A shekarar ce kuma iyaye suka zaɓi Baba Yari cikin kwamitin makaranta. Wani ya ce maigadi ba ya zama a kwamiti, matan bayan wurin fasa dutse suka ce in ba shi, su ma ba su. Yakan zauna a ƙarshen benci a wurin taro, in lokacin tashi ya yi ya nemi izini ya je ya buga ƙarfen taya ya dawo.

Gazali ya shiga aji ɗaya a Satumba 2018. Na'ima ta gama firamare a 2023, ta wuce ƙaramar sakandare ta 'yan mata, har yanzu ita ce mafi gajarta a ajinsu. Baba Yari ya yi ritaya a ƙarshen 2020, ya koma Ƙofar Kware, ya ci gaba da zuwa makarantar duk makon ɗaukar yara don ya zauna da iyaye mata a kan jadawali. Ya rasu ranar Talata, 6 ga Fabrairu, 2024, bayan jinyar mako biyu, aka yi jana'izarsa a unguwarsu. An yi wa makarantar fenti a bara, amma Malam Ja'afar ya hana a taɓa bangon ɗakin gadi. Filibus, wanda har yanzu shi ne akawun makarantar, shi ke ƙara ranar ruwan farko a ƙasan rubutun, da boko.